Ana ƙirga bishiya, ba a duba ƙasa

Duk damina sai mun ga hotuna: manya cikin babbar riga, an riƙe musu buta suna dashe, a ce an dasa dubu kaza. Ban taɓa ganin wanda ya sunkuya ya damƙi ƙasar ya duba ba.

Shekaranjiya na bi Baffa shingen bishiyoyin turaren da ke arewa da ƙauyenmu a ƙasar Gumel. Daga nesa daji ne sosai, kuma yana tare iska, wannan ba musu. Amma da Baffa ya kafta fartanya sai ta yi tsalle. Fako! Ya tsiyaya ruwan butarsa, ruwan ya kwanta ya ƙi shiga. Muka dawo gindin tsohon gawon da ke bakin gonarsa. Nan ƙasar duhu gare ta, tana warwarewa a hannu kamar dambu, ga ƙamshi irin na ruwan farko. Ruwa kuwa kafin ya ɗaga buta ta shanye. Ya ce, "Ka gani? Wannan tana da rai."

Ba tsafi ba ne. Gawo da damina yake zubar da ganye, saiwarsa na ƙara wa ƙasa naitirojin, sinadarin da ke ciyar da shuka, da rani kuma dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Ganyen turare ba ya saurin ruɓewa. Amma kada mu ɗora masa laifin duka: ɗan abin da ya zuba ma mun share mun kai murhu, saura yara masu farautar gafiya su cinna masa wuta. To me gara za ta ci? Garar nan da muke tsinewa, ramukanta ne ke buɗe wa ruwa hanya.

Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar bishiyoyi don tare hamada, Kano da Jigawa na cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya. Ni a ganina, duk shingen da aka dasa a riƙa ɗibar ƙasarsa bayan 'yan shekaru a kai ɗakin gwaji, ga Jami'ar Bayero nan kusa, a auna tsaminta da takin da ke cikinta, a faɗa wa mutanen gari sakamakon da Hausa.

Baffa dai ya kewaye 'yan gawo uku da suka tsiro masa da ƙaya, ya ce duk wanda ya taɓa su shi da shi ne.