Kafin ka ce a kawo: gishiri, mai da sukarin da ke ɓoye a abincin waje

Mai gidan abinci ɗan kasuwa ne, burinsa ka ci ka ji daɗi ka dawo gobe. Abubuwa uku ne mafi arha wajen ƙara wa girki armashi: gishiri, mai da sukari. Shi ya sa duk wanda ke cin abinci a waje sau uku ko huɗu a mako ya kamata ya koyi buɗe baki ya faɗi yadda yake so a yi masa, tun kafin a ɗora tukunya.

Gishiri ne ya fi wuyar kamawa, domin ba a ganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai gram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Mafi yawansa kuwa ya riga ya shiga abincin tun daga kicin, ta hanyar dunƙulen ɗanɗano, miyar kwalba, cuku da naman da aka sarrafa irin su sosej. Mai hawan jini ya ce a rage masa, ya kuma ɗanɗana kafin hannunsa ya kai ga kwalbar gishirin da ke kan tebur. Babu abin kunya a wannan, kuɗinsa ya biya.

Mai kuma lissafinsa a fili yake. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 120. Kazar da aka tsoma a ƙullun fulawa aka soya ta sha mai fiye da gasasshiya nesa ba kusa ba, domin ƙullun kamar soso yake. Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne salak. Mutum zai zaɓi ganye da niyyar kula da lafiyarsa, sai a lafta masa mayonis cokali uku, ganyen ma ba a hango shi. Wannan kaɗai ya kusa kalori 300. Ka ce a kawo mahaɗin a ƙaramin kwano daban, ka riƙa dangwala kaɗan.

Lemon gwangwani mai milimita 330 yana da sukari kusan gram 35, alhali iyakar da ake ba mai cin kalori 2,000 a rana ba ta wuce gram 50 ba. Ruwan 'ya'yan itacen da aka tace ma sukarinsa na shiga wannan lissafin. Ruwa ya wadatar.

Idan faranti ya iso, a duba rabonsa: rabi kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu nama, kifi ko wake, sauran shinkafa ko dankali. In an cika shi maƙil, a sa a ƙunshe rabi tun ba a fara ci ba, domin ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin jiki ya sanar da shi, kuma wanda ya wuni da yunwa kafin ya zo idonsa ne ke yi masa oda.

A wuraren da ake jera abinci kowa ya ɗiba, a taɓa gefen mazubin ko a duba tururi. Dafaffen abinci ya kamata ya zauna da zafin da ya haura digiri 60, in kuwa ya huce ya wuce awa biyu a ajiye, ƙwayoyin cuta sun samu wurin hayayyafa, musamman a shinkafa da nama.

Amurka ta tilasta wa kamfanonin abinci masu rassa 20 zuwa sama rubuta kalori a jerin abincinsu tun 2018, Ingila ta bi sahu a 2022 ga manyan kamfanoni. Doka ce mai kyau, ina goyon bayanta, amma kalori kaɗai take sa a rubuta a gaban mai saye. Yawan gishirin da ke cikin miyar har yanzu sai ka tambayi mai kawo abincin.