Motar Bakano da jarrabawar Ingila

A bakin wani gareji a Bamingam, ƙasar Ingila, Bazazzagi ya tarar da Bakano tsaye kusa da tsohuwar motarsa, riƙe da takarda yana huci.

Bazazzagi: Alhaji, lafiya? Fuskarka sai ka ce an ƙone maka rumfa a Kantin Kwari.

Bakano: Bar ni, Malam. Wai motata ta faɗi jarrabawa. Mota fa! Ni da na yi firamare ban taɓa faɗuwa ba.

Bazazzagi: Ai ba ka taɓa zama ba ne. Gwajin MOT ka kawo ta, wato gwajin lafiyar mota?

Bakano: Shi. Bara ma na kawo ta, bana kuma wai sai an sake. Yo lafiyar bara ta tafi ina?

Bazazzagi: Dokar ke nan. Mota sabuwa ana ƙyale ta shekara 3, daga nan kuma duk shekara sai an duba birki, taya, fitilu, sitiyari, hayaƙin salansa, har tsatsar ƙarƙashinta. Tun 1960 suke yi. A lokacin sai mota ta kai shekara 10 ake taɓa ta, a 1967 suka mai da shi 3.

Bakano: Kai dai Bazazzagi, a tambaye ka hanya sai ka karanto tarihin titi. Nawa na biya ka sani? Kusan fam 55, don kawai wani yaro ya leƙa ƙarƙashin motata da tocila ya ci mutuncinta.

Bazazzagi: Me ya ce ta yi?

Bakano: Wai tayoyin sun suɗe. Ya zura wani ɗan tsinke ya ce zanen taya bai kai milimita 1.6 ba. Na ce masa tayar nan da ita na je Manchesta na dawo, ko tari ba ta yi ba.

Bazazzagi: Sai kuma me?

Bakano: Wutar nan mai ruwan lemo da ke kamawa a gaban direba, mai hoton inji. Shekara biyu tana damuna, na samu baƙin salatif na rufe ta, muka zauna lafiya.

Bazazzagi: Alhaji, ai idan ya murɗa makulli dole ya ga ta kama sannan ta mutu. In wutar ba ta kama ba motar ta faɗi, in ta ƙi mutuwa ma motar ta faɗi.

Bakano: Haka ya ce! Kun haɗa baki ne? Na jawo shi gefe na ce ga na goro. Ya ce shi ba ya cin goro.

Bazazzagi: Ka gode Allah bai fahimce ka ba.

Bakano: To in na ƙi gyarawa fa? In ci gaba da harkata shiru?

Bazazzagi: Kyamarori na karanta lambar mota a titi. In aka kama ka babu takardar, tara tana iya kai fam 1,000.

Bakano: Inna lillahi! Motar ma gaba ɗaya fam 700 na saye ta.

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, sai fuskarsa ta washe.

Bakano: Tsaya. Na ji an ce akwai motocin da aka yafe wa gwajin nan.

Bazazzagi: Akwai. Tun 2018, wadda ta haura shekara 40, in ba a yi mata wani babban sauyi ba.

Bakano: Ka ji masu girmama na gaba! Ashe suna da kunya. Tawa ta 2008 ce.

Bazazzagi: To sai ka jira 2048.

Bakano: Haba, wa ke jira? Ina kotu take a garin nan? In je in yi rantsuwa a ba ta takardar shekarun haihuwa. Kawuna da ita ya rage shekara bakwai ya shiga aikin gwamnati, ni kuwa ƙari ma nake nema.

Bazazzagi: Ba za ta yiwu ba. Duk wanda ya buga lambarta a intanet zai ga shekarar da aka yi mata rajista, da duk faɗuwar da ta yi, da tafiyar da ta ci.

Bakano: Wato ko mota ba a rufa wa asiri a ƙasar nan. Shi ke nan, na san abin yi. Jirgin ruwa zan saka ta, ta sauka Kwatano, a wanke ta, a fesa mata turare. Nan take ta zama 'yar Beljiyam, wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, kasuwa kawai take zuwa.

Bazazzagi: Sitiyarinta fa a dama yake. Najeriya ta bar wannan tun 1972.

Bakano: Kofar Ruwa me take yi? Kafin la'asar sun mai da shi hagu.

Bazazzagi: Taya a suɗe, wutar inji a rufe da salatif, sitiyari juyayye. Don Allah wane marar wayo ne zai sayi wannan a Kano?

Bakano: Wa ya ce maka Kano? Zariya zan kai ta.