Ba Kisan Ikemefuna Ne Ya Sa Aka Kori Okonkwo Ba

Ɗalibai da yawa da ke karanta Things Fall Apart, littafin Chinua Achebe na 1958, suna ɗauka cewa an kori Okonkwo, jarumin littafin, daga garinsu Umuofia ne saboda ya kashe Ikemefuna, yaron da ya yi shekara 3 a gidansa yana kiransa baba. Wannan kuskure ne. Abin bautar garin ne ya yanke wa yaron hukuncin kisa, saboda haka babu wanda ya tuhumi Okonkwo a gaban jama'a, ko da yake dattijo Ezeudu ya gargaɗe shi kada ya sa hannu.

Korar ta zo ne daga baya, lokacin da bindigarsa ta fashe a jana'izar Ezeudu ta kashe ɗan mamacin ba da gangan ba, sai ya tafi Mbanta, garin mahaifiyarsa, na shekara 7.

A ganina, abin da ya fi taɓa zuciya shi ne hukuncin da babu wanda ya yanke masa. Bayan ya kashe Ikemefuna, Okonkwo ya yi kwana 2 bai ci abinci ba, barci ya ƙaurace masa, kuma tun daga ranar zuciyar ɗansa Nwoye ta fara barinsa.