Sauya harafi ɗaya a tambari ba ya fitar da mutum daga shari'a

Mutane da yawa na ɗauka cewa in ka kwaikwayi tambarin kamfanin giya a jikin riga ko abin wasa, ka sauya harafi ɗaya biyu ka mai da shi raha, shi ke nan ka tsira. Ba haka abin yake ba. A Amurka, alƙali ba ƙirga haruffa yake yi ba. Tambayarsa ita ce: mai saye zai iya zaton kamfanin ne ya yi kayan, ko da izininsa aka yi?

A 2008 Anheuser-Busch, mai giyar Budweiser, ya kai ƙarar VIP Products kan wani abin wasan karnuka mai siffar kwalba da aka rubuta wa "Buttwiper". Kotu a jihar Missouri ta dakatar da sayar da shi, bayan binciken jin ra'ayi ya nuna kusan mutum uku cikin goma sun alaƙanta shi da Budweiser.

Amma fa ba kullum kamfanin ke yin nasara ba. A 1992 ya sha kaye kan wasu riguna masu rubutun "King of Beaches" da ke kwaikwayon kirarin Budweiser, "King of Beers", domin an ga mai saye zai gane zolaya ce.

A 2023 kuma Kotun Ƙoli ta ce, a shari'ar kamfanin giya na Jack Daniel's, duk wanda ya yi amfani da raha a matsayin tambarin hajarsa ba zai fake da 'yancin faɗar albarkacin baki ya kauce wa waccan tambaya ta ruɗa mai saye ba.