Masu soke aikin gida, ɗan talaka kuke cuta

Tun watan Afrilun 2024 da gwamnatin Poland ta hana malamai ba 'yan aji 1 zuwa 3 na firamare rubutaccen aikin gida, ta kuma ce daga aji 4 zuwa 8 wanda ya ga dama ya yi, wanda bai ga dama ba ya bari, kuma ba za a sa maki a kai ba, ake ta yawo da labarin kamar wani abin koyi. Yanzu da ChatGPT da ire-irensa, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya da yin rubutu, suka shiga aljihun duk yaron da ke riƙe da waya, masu wannan ra'ayi sun samu sabuwar hujja. Wai tun da na'ura ce ke yi wa yara aikin, me ya rage? A daina bayarwa kowa ya huta. Maganar nan tana ɓata mini rai, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake faɗinta da sunan tausayin yara.

A duba lokacin da aka yanke hukuncin. A watan Disamban 2023 ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta fitar da sakamakon jarrabawar PISA, wadda ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama. Matsakaicin makin ƙasashen ƙungiyar ya faɗi da maki 15 a lissafi, da maki 10 a karatu, tsakanin 2018 da 2022. Poland kuwa, wadda aka daɗe ana yabonta a wannan fage, ta sauko daga 516 zuwa 489 a lissafi. Annobar korona tana da nata kason a wannan faɗuwa, babu mai musu. Amma wata huɗu kacal bayan fitowar sakamakon, amsar da ma'aikatar ilimi ƙarƙashin minista Barbara Nowacka ta bayar ita ce a rage abin da ake nema daga ɗalibi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wannan kalma ta "wanda ya ga dama" ita ce ta fi damuna. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san abin da yaro ɗan shekara 11 ke ji idan aka ce masa aiki na ganin dama ne: ya ji an ce babu aiki. Ba laifinsa ba ne, haka yaro yake. To, wa zai yi aikin? Yaron da mahaifiyarsa za ta buɗe jakarsa da yamma ta ce zauna ka yi, ko makaranta ta ce dole ko ba ta ce ba. Yaron da mahaifinsa ya yi karatu mai zurfi, ya san cewa lissafi ba ya zama a kai sai da maimaici. Yaron da ake ɗaukar masa malami na musamman. Shi dokarsa tana nan daram, sai dai ta tashi daga makaranta ta koma gida. Wanda ya rasa doka gaba ɗaya shi ne yaron da iyayensa ba su dawowa daga nema sai dare, ko ba su iya karanta abin da ke cikin littafin ba, waɗanda suka miƙa amanar ɗansu ga malami saboda sun yarda malami zai nemi wani abu daga gare shi. Wannan yaro makaranta ce kaɗai wurin da wani babba ke duban idonsa ya ce: gobe ina son in ga wannan aiki a kammale. An cire masa wannan murya, an kuma ce an taimake shi.

Masu goyon bayan sokewa suna da alƙaluman da suke so. Wani rahoton OECD na 2014 ya nuna cewa ɗaliban da suka fito daga gidajen masu hali suna kashe kusan awa 5.7 a mako kan aikin gida, na gidajen marasa hali kuwa awa 4.1. Sai su ce ai ka gani, aikin gida ne ke faɗaɗa tazara. Ni kuma alƙaluman nan wani abu daban suke gaya mini. Idan ka soke, awa huɗun ɗan talaka ce za ta koma sifili. Awa shidan ɗan mai hali ba inda za ta je, sunanta kawai za ta sauya. Koriya ta Kudu ta gwada hana darussan kuɗi na bayan makaranta a 1980, masu hali suka ci gaba da yi a ɓoye, har kotun tsarin mulki ta rushe haramcin a shekarar 2000. Ƙasar Sin, wadda ake yawan kafa hujja da ita, ba ta ce aiki ya zama na ganin dama ba a dokarta ta Yulin 2021. Iyaka ta sa: babu rubutaccen aiki ga aji 1 da 2, minti 60 ga aji 3 zuwa 6, minti 90 ga ƙaramar sakandare. Kuma a rana guda ta haramta kasuwancin darussan ƙari a manyan fannoni, domin hukumomin sun san sarai inda masu kuɗi za su nufa. Duk da haka harkar ta koma bayan fage, ta ƙara tsada. Iyayen da ke da hali ba su taɓa yarda 'ya'yansu su huta don gwamnati ta ce a huta ba, kuma ba za su fara yanzu ba.

Sai batun ƙirƙirarriyar basira, wanda shi ne sabon makamin. Gaskiya ne tun da aka saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, rubuta insha'i a gida ya zama abin da yaro zai gama cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba. Amma wane irin tunani ne zai ce tun da satar amsa ta yi sauƙi, a daina tambaya? Masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania sun yi gwaji da ɗalibai kusan 1,000 a wata makarantar sakandare a Turkiyya. Waɗanda aka bari suka yi atisayen lissafi da taimakon GPT-4, wani samfurin ChatGPT, ba tare da an hana shi ba su amsa kai tsaye ba, makinsu na atisaye ya haura na sauran da kashi 48 cikin 100. Da aka ɗauke na'urar aka zaunar da su jarrabawa, sai suka faɗi ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin 100. Abin da wannan ke nunawa a fili yake. Takardar da aka miƙa wa malami ba ita ce manufar aikin ba tun asali. Manufar ita ce wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha kafin a cika takardar, kuma ita ce na'urar ke ɗauke wa yaro.

Wannan ba sabon sani ba ne. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka sa su rubuto abin da suka tuna. Bayan mako guda, waɗanda suka sha wahalar tunowa sun riƙe kusan kashi 61 cikin 100, masu maimaita karatu kuwa kashi 40. Abin da ka ƙoƙarta ka ciro daga kanka shi ke zama. Darasin minti 40 a aji, tare da yara masu yawa, ba ya ba kowane yaro wannan dama. Dole a samu wani lokaci da zai zauna shi kaɗai da tambaya, ya kasa, ya goge, ya sake. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yaron da bai taɓa zama shi kaɗai da tambaya ba, ranar jarrabawa ce za ta zame masa ta farko.

Kada a ɗauka abin ya tsaya a aikin gida. Ruhi ɗaya ne ke yawo a dokokin aji baki ɗaya. A wasu gundumomin makarantu a Amurka an kafa ƙa'idar cewa ba a ba ɗalibi ƙasa da maki 50 cikin 100, wani lokacin ko da bai kawo komai ba. Wasu sun ce kada a rage maki don an kawo aiki a makare, kuma a bar ɗalibi ya sake jarrabawa har sai ya ci. A watan Mayun 2025 hukumar makarantun San Francisco ta fito da shirin gwaji da zai cire aikin gida da halartar aji daga lissafin maki, sai da iyaye da 'yan siyasa suka yi ca sannan aka janye shi cikin gaggawa. Ina son masu tsara irin waɗannan dokoki su amsa mini tambaya ɗaya. Yarinyar da ta hana idonta barci ta kammala aikinta, ta zo ta ga wanda bai ɗaga alƙalami ba an rubuta masa 50, me aka koya mata? An koya mata cewa maganar malami ba ta da nauyi. Shi kuma wanda aka ba 50 ɗin an yi masa ƙarya, an ce masa yana tsakiyar hanya alhali ko tashi bai yi ba. Ƙaryar nan tana iya tafiya shekara da shekaru, har ranar da zai haɗu da jarrabawar da ba ta san tausayi ba, ko mai ɗaukar aikin da ba ruwansa da uzuri. A lokacin babu ko ɗaya daga cikin masu tausayin da zai tsaya masa.

Haka abin yake a ɗabi'a. Binciken TALIS na 2018, wanda OECD ta yi a kan malamai, ya gano cewa malaman ƙaramar sakandare a ƙasashen OECD suna kashe kashi 78 cikin 100 ne kawai na lokacin aji wajen koyarwa. Kashi 13 yana tafiya ne a tsawatarwa da neman a yi shiru. A darasin minti 40, minti biyar ke nan, kowane darasi, kowace rana, duk shekara. Lokacin wa ake ci? Yaro mai surutu ba shi ke asara shi kaɗai ba. Wadda ke zaune a baya, mai kunyar ɗaga hannu, wadda ba ta da wanda zai sake yi mata bayanin da hayaniya ta haɗiye, ita ce ke komawa gida da rabin darasi. Dokar a zo kan lokaci, a yi shiru idan wani na magana, a ajiye waya, a kawo aiki ranar da aka ce, duk kariya ce ga mai rauni. Mai ƙarfi da mai baki ba su bukatar doka, ko'ina suka shiga za su sama wa kansu wuri.

Masu cewa yara sun gaji, a bar su su yi wasa, ina tare da su a kan 'yan ƙananan azuzuwa, kuma nazarin Harris Cooper na Jami'ar Duke a 2006 ya riga ya nuna cewa amfanin aikin gida ya fi bayyana a sakandare fiye da firamare. Amma hujjar da ta dace da ɗan shekara 6 ba ta zama lasisin sakin ɗan shekara 14 ba. Masu jin an ambaci doka sai su miƙa hannu ga bulala kuwa, ba da su nake magana ba. Malamin da ba ya iya riƙe aji sai da duka ya riga ya rasa ajin, kuma Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce horon makaranta ya zama mai kiyaye mutuncin yaro.

Abin takaicin shi ne an taɓa bin wannan hanya. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta haramta aikin gida ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 a 1901, bisa hujjar cewa yana cutar da lafiyarsu, ta kuma janye dokar a 1917. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na Sputnik a 1957, Amurka ta firgita ta koma ɗora wa yara aiki da hannu bibbiyu. Manya su yi ta kai gwauro su kai mari da ra'ayoyinsu, amma yaron da ya yi aji 5 a shekarar da aka yi sakaci ba zai sake yin aji 5 ba.

Na kuma lura cewa sokewa tana da daɗi ga gwamnatoci saboda ba ta cin ko sisi. Rage yawan yara a aji kuɗi ne, horar da malamai kuɗi ne, buɗe ɗakin karatu da yamma kuɗi ne. Sa hannu a takarda a ce daga yau babu aikin gida kyauta ne, ga kuma tafi daga yara da iyayen da suka gaji. Shi ya sa ba na yarda idan aka ce mini don ɗan talaka aka yi. In don shi ne, a ba shi abin da ya rasa, wato teburi da shiru da babban da zai zauna kusa da shi. Faransa ta fara wani shiri a 2017 inda 'yan ƙaramar sakandare ke yin aikinsu a cikin makaranta ƙarƙashin kulawar malamai da masu taimaka musu. Ta wannan ɓangaren ya kamata a duba. Aikin ya zama kaɗan, ya zama an duba shi an mayar wa yaro da gyara, domin jingar da malami ba ya karantawa cin zali ce. Idan ana tsoron na'ura, a ɗauki minti biyar na farkon darasi a rufe littafi a tambayi yara abin da suka ce sun yi jiya, da baki ko a takarda, nan take za a san wanda ya yi da kansa. Wanda bai kawo ba, a zaunar da shi ya yi kafin ya tafi gida, kuma a rubuta masa makin da ya samu, ko da sifili ne.