Wasan da ya yi zango ɗaya ya tsaya ba faɗuwa ya yi ba

Wannan magana da matashin nan mai sharhin finafinai ya yi a bidiyonsa na jiya, cewa tsohon wasan kwaikwayon talabijin na gidan haya da muke yawan ambato ya mutu ne saboda ba shi da masu kallo, kuma wai kewar ƙuruciya ce kawai take damun dattawan Katsina, magana ce ta wanda bai san yadda aka yi talabijin a ƙasar nan ba, kuma bai ga dalilin tambayar waɗanda suka sani ba. Madalla da wannan zurfin bincike. Yaron da aka haifa bayan an naɗe wasan da shekaru shi ne ya gano mana cewa dariyar da muka yi kuskure ce.

Hujjarsa guda ɗaya ce, wai da wasan yana da kyau da bai tsaya a zango ɗaya ba. To, ɗana, tsawon kwana ba shi ne ma'aunin kyan wasa ba, kuma ba a taɓa auna shi da haka ba sai a wannan zamani da ake jan labari ɗaya har sai mai kallo ya manta da abin da ya haɗa rigimar tun farko. Mr. Bean, wanda babu yaron da bai san fuskarsa ba daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga, kashi 15 kacal aka yi na ainihin wasan a Ingila tsakanin 1990 da 1995, kuma har gobe ana kunna shi a shagunan aski ana dariya. Sai ka je ka shaida wa Turawan cewa wasansu ya faɗi, tunda bai kai kashi ɗari ba.

Kuma wa ya ƙidaya masu kallon da ake cewa babu? A unguwarmu ta Rafindadi gidajen da suke da akwatin talabijin ba su da yawa, kuma baƙi-da-fari ne. Da an idar da sallar isha'i sai maigidan ya sa a fito da akwatin ƙofar zaure a ɗora a kan tebur, yara mu zauna a ƙasa, samari su tsaya a baya, mata kuma su leƙo ta soro. Idan an ɗauke wuta sai a jawo batirin mota, wani kuma ya hau katanga ya riƙa juya eriya ana yi masa ihu daga ƙasa har hoton ya tsaya. Akwati ɗaya, unguwa guda. Wace na'ura ce ta ƙidaya waɗannan mutane, balle a ce ba su kai yawan da zai riƙe wasa ba?

Dalilin tsayawar irin waɗannan wasanni sananne ne ga duk wanda ya rayu a lokacin. Kafin 1992, da aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin, kowace tasha a Najeriya ta gwamnati ce, ko ta tarayya ko ta jiha. Wasa yana rayuwa ne da kasafin kuɗin tasha da kuma ɗan abin da masu talla suka kawo. Daga 1986 tsarin gwamnati na gyaran tattalin arziki, wato SAP, ya karya darajar naira, kaset na ɗaukar shiri kuwa daga waje ake shigo da shi, sai ya zama kaset ɗaya ake goge tsohon shiri a ɗora sabo a kansa. 'Yan wasan ma yawancinsu ma'aikata ne da malaman makaranta waɗanda suke zuwa bayan an tashi aiki, don haka da an yi wa mutum biyu canjin wurin aiki zuwa Funtuwa ko Daura, shi ke nan wasa ya watse. Babu ruwan wannan da gajiyar masu kallo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne cewa da ya yi wasan ba shi da labari. An ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, ma'aikata suka taso daga Kaduna da iyalansu da kayansu suka cika gari, ɗakin haya ya yi wuya, masu gidaje suka samu abin da suke so. Wasan a kan wannan ya tsaya, a tsakar gida ɗaya mai rijiya ɗaya da makewayi ɗaya. Waɗanda suka kalla za su tuna daren da malamin makaranta ya ji sallamar maigidan haya a ƙarshen wata, ya yi wuf ya shige bargo yana karkarwar zazzaɓin ƙarya. Maigidan bai yi faɗa ba, ya ce, "Sannu Malam, ai lafiyarka ta fi mini kuɗin haya." Ya aika aka jiƙo maɗaci cikin ƙwarya, ya zauna a bakin katifa har sai da Malam ya shanye tas yana yamutsa fuska, sannan ya zaro littafinsa daga aljihu ya rubuta kuɗin maganin a kan bashin hayar. Babu zagi ko ihu a ciki, kuma babu kalmar da za ta sa ka sunkuyar da kai idan mahaifinka yana zaune kusa. Mutanen da suka yi dariya a daren nan rabinsu suna da bashin haya a wuyansu, kansu suke yi wa dariya.

Na ga wasu suna cewa hoton ba shi da kyau, sauti yana shaƙewa, wani lokaci ma ana hango sandar makirufo a saman allo. An ji, an kuma gani tun a lokacin, ba wanda ya tashi daga kan tabarma saboda haka. Wasu kuma sun ce ai Samanja ya daɗe ana yi, don haka mai kyau shi ne yake daɗewa. Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, wato Samanja, da ya rasu a 2023, da ɗan wasa Ƙasimu Yero da ya riga shi a 2017, daɗewarsu alheri ce da muka ci moriyarta, amma ba ta zama hujjar cewa duk wanda bai samu tashar Kaduna da kayan aikinta a bayansa ba bai iya ba. Da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Wasan da aka daina nunawa fiye da shekara talatin amma har yanzu idan mai bin bashi ya yi sallama a majalisa wani zai ce a jiƙo maɗaci, kowa ya kwashe da dariya, wannan wasan bai faɗi ba.

Gaskiyar abin da ke raina ita ce, ba na jin zafin yaron kamar yadda nake jin zafin cewa ba ni da abin da zan nuna masa. Da kaset ɗin yana nan da na tura masa kashi ɗaya na yi shiru da bakina. Waɗanda suka yi wasan da yawa sun riga mu gidan gaskiya, sauran sun tsufa, kuma jikokinsu ba su taɓa ganin fuskokinsu a allo ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda mahaifinsa ya mallaki bidiyo a wancan lokaci, musamman gidajen tsofaffin ma'aikata, ya duba cikin akwatuna da saman sif, domin akwai masu ɗaukar shirye-shirye daga talabijin a kan kaset ɗin gida. Idan an samu, don Allah kada a yi gaggawar zura shi cikin tsohuwar na'ura, domin kaset da ya daɗe a ajiye yakan yi fumfuna ya manne, na'urar kuma sai ta tauna zaren ta tsinka shi. A kai wa masu juya kaset zuwa kwamfuta su buɗe shi su share tukuna, ko da kuwa an rubuta bikin aure a jikinsa, tunda sau da yawa ana samun ragowar wani shiri a ƙarshen zaren.