Ba wayarku ce ta kasa ba, hana ku aka yi

Wanda ya rubuta waccan amsar a ƙarƙashin maganata ta shekaranjiya a kan sanya wa waya ekstenshan (wato ƙaramar manhajar da ake ɗora wa burauza, abin shiga intanet irin su Chrome, don ta ƙara mata aiki kamar toshe talla), wai "Malam ka daina ruɗa mutane, ekstenshan na kwamfuta ne, waya ba ta da ƙarfin ɗaukarsa", Allah Ya ba shi lafiya. Amsar ba ta ba ni haushi kamar yadda masu danna mata alamar yabo suka ba ni ba. Cikinsu har da masu shagon gyaran waya a nan cikin garin Katsina, mutanen da iyayenmu ke kai wa waya su tsaya a gabansu kamar a gaban likita. Idan mai gyara bai san wannan ba, to me yake gaya wa tsohuwar da ta zo tana kukan hotunan banza na fito mata a waya? Na san abin da yake gaya mata: "Hajiya sai an yi falashin." Ya karɓi kuɗinta, ya goge mata lambobin jikoki da karatun da ta tara, kwana biyu tallan ya dawo inda yake.

To ku saurara da kyau. Waya tana ɗaukar ekstenshan. Ta daɗe tana ɗauka. Chrome ɗin da ke cikin wayarku ne ba ya ɗauka, kuma ba don ya kasa ba.

Chrome na kwamfuta ya fara karɓar ekstenshan tun 2010. Na Android ya fito a 2012, yau shekara goma sha wani abu, babu ko ɗaya. A tsawon wannan lokaci wayar hannu ta tashi daga wadda ke nishi kafin ta buɗe hoto zuwa wadda yara ke tace bidiyon biki a kanta. Wayar da ke aljihun ɗalibin Jami'ar Umaru Musa Yar'adua a yau ta fi kwamfutocin da muka koyi danna madannai a kansu ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma wai ita ce ba za ta iya riƙe ɗan abin toshe talla ba. Haba jama'a!

Ga hujjar da ta kashe bakin kowa. Akwai wata burauza, Kiwi, wadda aka gina a kan Chromium, wato ainihin tushen da aka gina Chrome a kansa. A 2019 mai ita, Arnaud Granal, ya sa ta fara karɓar ekstenshan ɗin Chrome na kwamfuta a kan wayar Android, kuma suka yi aiki. Abin da ƙaramin aiki irin wannan ya iya, shi ne za a ce Google, kamfanin da ya mallaki Chrome da Android ɗin kansa, da dubban injiniyoyi a hannunsa, ya rasa yadda zai yi? A farkon 2025 mai Kiwi ya dakatar da ita, saboda haka kada wani ya je ya sauke ta yanzu ya ce ni na aike shi. Burauzar da aka daina sabuntawa ƙofa ce a buɗe ga ɓarayi. Amma ta riga ta nuna abin da ake buƙatar nunawa. Ba ƙarfin waya ba ne.

To mene ne? Kuɗi mana. Alphabet, uwar kamfanin Google, ta samu sama da dala biliyan 300 a 2023, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na wannan kuɗi daga talla ya fito. Ekstenshan ɗin da mutane suka fi rububi a kwamfuta kuwa su ne masu toshe talla. Ku haɗa biyun da kanku. An ba kura ajiyar nama, sannan muna mamakin ba ta ba mu makullin ɗaki ba. Ban ce na ji wani a kamfanin ya faɗi haka da bakinsa ba, ba kuma sai ya faɗa ba. Ku duba abin da suka yi wa kwamfutar ma: daga 2024 suka fara kashe tsohon tsarin ekstenshan suka koma wanda suke kira Manifest V3, wanda ya rage wa ekstenshan ikon tare abu a hanya yadda yake so, har ekstenshan ɗin toshe talla uBlock Origin cikakke ya daina aiki a Chrome, sai ƙaninsa mai rangwamen ƙarfi, uBlock Origin Lite. Sun ce don tsaro ne da sauri. Madalla. Kullum tsaron nan sai ya faɗo daidai inda aljihunsu yake.

Wasu za su ce to mene ne abin tada jijiyar wuya, talla ce fa kawai, ka danna ɗan gicciyen nan ka rufe. Wannan maganar wanda ba shi ke sayen datarsa ba ce. Lokacin da ka ga talla a fuskar wayarka, an riga an sauke ta. Bidiyon da ya fara motsi shi kaɗai a gefen labari, da hoton ɗan ƙwallo da ke kiranka ka zo ka ci miliyan a caca, da waɗansu ƙananan abubuwa da ba ka ma gani masu bin sawunka daga shafi zuwa shafi, duk daga cikin datarka aka biya kuɗin motarsu. Ka rufe ko kada ka rufe, MB ɗin ya tafi. Abin da uBlock Origin ke yi daban ne. Yana riƙe da jerin adireshin gidajen talla da na masu bin sawu, irin su EasyList da masu sa kai ke sabuntawa. Duk lokacin da shafi ya ce wa burauza je ki ɗauko kaza daga wuri kaza, sai ya duba jerin. Idan wurin na ciki, saƙon ba zai ma fita daga wayar ba. Ba a sauke ba, ba a ci data ba, batir bai wahala ba, shafi ya buɗe da wuri. Raymond Hill ne ya fara shi a 2014, kyauta ne, kuma mutumin ko gudummawar kuɗi ba ya karɓa.

A Janairun 2025 hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Kowa ya ji a jikinsa. Mutumin Amurka da ke kwance a kan intanet ɗin gida marar iyaka, idan talla ta dame shi, ido kawai ta dama. Mu nan kuɗin cefane take ci. Yarinyar da ke shirin jarrabawar shiga jami'a a Ƙofar Sauri, babanta ya daure ya saya mata data don ta sauke tambayoyin shekarun baya, ta shiga shafi ta tarar da maɓallan saukewa har kala-kala, na gaskiya ɗaya ne ƙarami a ɓoye, sauran duk tarko. Ta danna wannan ya kai ta gidan caca, ta danna wancan ya ce wayarki ta kamu da cuta, ta danna na uku ya buɗe abin da ba za ta so babanta ya leƙo ya gani ba. Wallahi wannan na ƙarshen shi ne ya fi ci mini rai. Muna ta wa'azi a kan tarbiyya, muna ƙwace wa yara waya, alhali akwai abin da zai tare mafi yawan wannan ƙazanta tun daga ƙofa, kyauta, an kuma hana shi shiga burauzar da ta zo a kusan kowace wayar Android da ake sayarwa a kasuwarmu.

Kuma kusan dukkanmu waya ce kawai muke da ita. Nan ne maganar ta fi zafi. A ƙasashen da kowane gida ke da kwamfuta, rashin ekstenshan a waya ƙaramin abu ne, mutum zai koma tebur ya yi aikinsa. Ɗan kasuwar da ke tsakiyar kasuwar Katsina, da malamin firamare a Daura, da mai ɗinki da ke neman sabon salo, waya ce ofishinsu, ita ce ɗakin karatunsu, ita ce bankinsu. Abin da aka hana waya, mu aka hana gaba ɗaya.

Na san masu zuwa da maganar tsaro suna nan tafe. Wai ekstenshan na iya satar bayanai. Ƙwarai kuwa, akwai miyagu a cikinsu, an sha kama su ana cirewa. To manhajojin bashi fa? Waɗanda suka riƙa kwashe lambobin wayar mutane suna tura wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci, daga ina aka sauke su? Ba daga Play Store ba? Sai da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta taso musu a 2022, sai a 2023 aka hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Ban ji an rufe Play Store saboda su ba. An tsaftace, an ci gaba. Me ya hana a yi wa ekstenshan haka? Ku bar wannan magana.

Sai masu cewa ai masu shafuka da talla suke ci, idan kowa ya toshe za su mutu. Wannan ita kaɗai ce nake girmamawa, don ina da abokai masu rubuta labarai da Hausa kuma na san ba wani abin kirki suke samu ba. Amma uBlock Origin yana da maɓalli ɗaya babba: shafin da ka yarda da shi, ka danna ka kashe toshewar a kansa, tallarsa ta fito, ya samu rabonsa. Ni nake zaɓa. Wanda ya sa talla biyu cikin mutunci a gefe zan bar masa. Wanda ya binne labari mai layi goma a ƙarƙashin caca da maganin ƙarfin maza, ya je ya nemi wata sana'ar.

Akwai kuma 'yan "ai Opera Mini na toshe talla, Brave ma haka". Gaskiya ne, Opera Mini ta sa nata tun 2016, Brave kuma da shi aka haife ta, Samsung Internet ma tana karɓar masu toshe talla. Ku yi amfani da su, sun fi babu. Amma wannan abin da kamfani ya ga dama ya ba ka ne, gobe yana iya sauyawa. Kuma ekstenshan ba toshe talla kaɗai ba ne. Akwai Dark Reader da ke mayar da farin shafi baƙi ga mai karatun dare idan an ɗauke wuta, akwai Tampermonkey ga yaranmu masu koyon rubuta manhaja da ke son sauya yadda shafi ke aiki. Maganar ita ce wa ke da iko da abin da ke fitowa a fuskar wayar da ka saya da guminka.

Masu iPhone kada ku yi mana dariya, ko da yake a nan kam kun ɗan fi mu. Safari ta fara karɓar masu toshe talla tun 2015, ta kuma buɗe wa cikakken ekstenshan ƙofa a 2021 da iOS 15. Apple fa, kamfanin da aka sani da kulle komai. Shi ya buɗe, mai kirarin buɗaɗɗen tsari ya rufe. Abin dariya, abin takaici.

Abin yi ba shi da wuya. Ku sauke Firefox daga Play Store, ku taɓa ɗigo ukun nan, ku shiga wurin ekstenshan, ku ɗora uBlock Origin. Shi ke nan, ko minti biyar ba za a yi ba. Kada ku tara goma, ɗaya ko biyu sun isa, musamman idan wayar mai ƙaramin RAM ce irin ƙananan itel, don Firefox tana da ɗan nauyi. Kuma kada a ɗauka waliyyiya ce. A 2020 da Mozilla ta sake gina Firefox ta Android, ta zubar da kusan duk ekstenshan ta bar 'yan ƙalilan da ta zaɓa, mutane suka yi ta kuka har sai a Disambar 2023 ta sake buɗe ƙofa da sama da 450. Mafi yawan kuɗin Mozilla ma daga Google yake zuwa, ladan sanya shi a matsayin wurin bincike na farko. Ina sane da duk wannan. Amma yau, a kan wayar Android, ita ce ke ba ka uBlock Origin cikakke, wanda ko mai kwamfuta da Chrome ba ya samu yanzu. Edge ma ta fara karɓar wasu a Android, ga mai so.

Masu gyaran waya, don Allah ku nake roƙo, ba faɗa ba. Idan dattijo ya kawo waya yana cewa abubuwa na fito masa, kafin ku ambaci falashin ku shiga saitin burauzarsa ku duba shafukan da ya ba izinin turo sanarwa ba da saninsa ba, ku kashe su. Ku duba manhajojin banza da jikoki suka sauke, masu cewa suna wanke waya ko sanyaya batir, ku cire. Ku sa masa Firefox da abin toshe talla, ku ajiye masa ita a fuskar farko inda yatsansa ya saba zuwa. Ku karɓi kuɗin aikinku, halal ne. Zai yi muku addu'ar da ta fi kuɗin falashin.